Ina kuɗin makarantun gwamnati suke tafiya, kuma me zai hana a ba iyaye a hannu?

Wani bawan Allah daga Tudun Wadan Zariya, wanda aka sa kwanan nan cikin kwamitin kula da firamaren unguwarsu, ya aiko da tambaya. Ya ce kullum yana ji a rediyo an ware wa ilimi biliyoyin naira, amma a makarantarsu yara a ƙasa suke zama, wani ajin ma ya haura yaro ɗari. 'Ya'yansa biyu suna makarantar kuɗi, uku suna ta gwamnati, don ba zai iya biya wa duka ba. Yana son sanin ina kuɗin suke zuwa, me zai hana gwamnati ta raba wa iyaye kowa ya kai ɗansa inda ya ga dama kamar yadda ya ji ana yi a Amurka, sannan idan makaranta ta lalace wa za a tuhuma.

Malam, Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka. Na koyar a firamare, na yi zagayen duba makarantu, daga baya na zauna a ofishin da ake haɗa lissafin kasafi, don haka na ga lamarin daga aji kuma na gan shi daga tebur. Ra'ayina shi ne raba wa iyaye kuɗi ba zai gyara makarantarku ba, kuma ba zai kai ga yaran da suka fi kowa buƙata ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne wani kaso na kuɗin ya riƙa sauka a makaranta kai tsaye gwargwadon yawan yaranta, a rubuta shi a bango kowa ya gani, sannan a riƙa tambayar makarantar abu ɗaya: yaron aji uku yana iya karatu ko ba ya iyawa. Amma bari mu bi sawun kuɗin tukuna.

Firamaren gwamnati hannu uku ne ke riƙe da ita, kuma rikicin daga nan ya samo asali. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba gwamnatin tarayya da ta jiha hurumi a kan ilimi, ya kuma ce ƙaramar hukuma ta sa hannu wajen samar da ilimin firamare. Albashin malamanku daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, wato kuɗin da ke zuwa wa Zariya da Sabon Gari da Giwa da Soba daga asusun tarayya duk wata. Shekara da shekaru kuɗin kan faɗa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a cire na malamai, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta biya. Gini da kujeru da littattafai kuwa yawanci ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC ta Abuja, da gwamnatin jiha suke zuwa. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana tsakiya, nauyin makarantu masu yawa a wuyansa, amma kuɗin da yake da iko a kai kaɗan ne. Shi ya sa in ka kai ƙorafi wannan ofis sai a nuna maka wancan, kuma sau da yawa ba ƙarya aka yi maka ba.

Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, ta kuma ware wa shirin aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Rabin wannan kuɗi ana raba wa jihohi 36 da Abuja, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta taɓa ko kwabo. A 2024 hukumar UBEC da kanta ta ce sama da naira biliyan 100 na kwance saboda jihohi da dama ba su kawo nasu kason ba. Akwai wani abu kuma da ba a cika magana a kai ba, alhali mu ya fi shafa. Rabon daidai wa daida ake yi. Jihar Kaduna mai firamaren gwamnati sama da 4,000 abin da take samu shi ne Bayelsa ko Ekiti ke samu, duk da yaranmu sun ninka nasu. Duk ɗan majalisar da ke wakiltar Zazzau a Abuja ya kamata a tambaye shi wannan, domin gyaran rabon ya fi kowane aji biyu da zai gina ya liƙa sunansa amfani.

To, albashi yana da mai shi, gini yana da mai shi. Alli fa? Rajista, tsintsiya, kwaɗon ƙofa, gyaran benci, kwasar masai, ƙusar da za a kafe kwanon da iska ta ɗaga? Wannan shi ne ramin da makarantunmu suke faɗawa. Na taɓa shiga wata makaranta a farkon damina, hedimastan ya ja ni wani aji ya nuna mini sama. Fallen kwano uku iska ta yaye. Kafinta ɗaya da yini ɗaya sun isa aikin. Ya buɗe durowarsa ya fito da kwafin takardar da ya rubuta zuwa ofis, kusa da ita ga rabin kwalin alli da ya saya da albashinsa. Ba shi da asusun da zai ciri kuɗin kafinta. Idan ya ce kowane yaro ya kawo naira ɗari ya karya doka, domin dokar 2004 ta haramta karɓar kuɗi daga iyaye har da tara ko ɗauri ga wanda ya karɓa. Idan bai karɓa ba ruwa zai ci silin, ya sauka a bango, yaran su koma su cunkushe a ajin maƙwabta. Haka kuwa aka yi. Daga baya irin wannan ajin ne ake ba da kwangilar miliyoyi a ce za a yi masa kwaskwarima. Tsarinmu ya iya kashe miliyan goma a kan gini, bai iya kashe dubu talatin a kan kari ba, domin ta farko tana da ɗan kwangila da bikin buɗewa, ta biyu kuwa ba mai gani.

Za ka ji ana yawan cewa hukumar UNESCO ta ce a ware wa ilimi kashi 26 cikin 100 na kasafi. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Inchon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara. Gwamnatin tarayya ta daɗe ba ta kai ko kashi 10 ba. Jihar Kaduna kuwa a takarda ta sha ware wa ilimi kusan kashi ɗaya bisa huɗu, wanda ya ɗara na jihohi da yawa, kuma adalci ne a faɗi haka. Sai dai lambobi uku ne, kada ka bari a haɗe maka su: abin da aka ware, abin da aka saki, da abin da ya iso makaranta. A rediyo na farkon ake karantawa. Ka san yadda masu noman rani a bakin kogin Galma suke ja ruwa ta lambatun ƙasa. A bakin inji ruwa cike yake, amma mai fangalin ƙarshe ɗan danshi yake samu, kuma ba lallai wani ya tare ba, hanyar ce ke sha. Ƙara ƙarfin inji kaɗai ba zai ishe shi ba sai an bi hanyar an liƙe.

Yuganda ta taɓa yin wannan bin hanya. A tsakiyar shekarun 1990 aka bincika aka gano cewa daga kuɗin gudanarwa da gwamnatin ƙasar ke aika wa firamare a kan kowane yaro, kimanin kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makaranta, sauran yana maƙalewa a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma wajabta wa makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Akwai wasu gyare-gyaren da suka taimaka a lokacin, amma babban abin da ya canza shi ne hedimasta da iyaye sun san nawa ne haƙƙinsu. Kenya ma da ta mayar da firamare kyauta a 2003 ta haɗa da kuɗi a kan kowane yaro zuwa asusun makaranta. Mu mun ce kyauta, mun hana karɓa daga iyaye, amma ba mu kafa tsayayyen abin da zai maye gurbin ba.

Game da ajin da ya haura ɗari, ka tuna Janairun 2016 da gwamnatin Nasir El-Rufai ta fara ciyar da yaran firamare. Gwamnati ta ce yawan yara ya tashi daga kimanin miliyan 1.1 zuwa miliyan 1.8 cikin ɗan lokaci. An yi ta cewa abinci kawai suke zuwa ci. Ni abin da na gani daban ne: talaka bai ƙi boko ba, lissafi yake yi, kuma da aka rage masa nauyin cin rana sai ya turo. Amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru da wannan saurin ba, shirin kansa kuma ya tsaya saboda tsada. Irin haka ya faru a 1976 da aka fara UPE, wato shirin firamare kyauta ga kowa, yara suka zo fiye da yadda aka ƙiyasta. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yaro 35 a firamare. Wanda aka ba ɗari da ashirin tsaron yara yake yi, komai ƙwarewarsa.

Yanzu maganar zaɓi. Zariya ba baƙuwarsa ba ce. Tun kafin boko uba kan zaɓi zauren malamin da zai kai ɗansa, mutane kuma daga nesa suke tahowa birnin nan neman nahawu da fiƙihu. Da boko ya zo akwai makarantar En'e wadda ta zama Alhudahuda, akwai na mishan a Wusasa, Barewa kuma ta dawo Zariya a 1949. A wancan zamani gwamnati kan ba makarantun da ba nata ba tallafin kuɗi, da sharaɗin sufeto ya shiga ya duba, har zuwa farkon shekarun 1970 da ta karɓe su, ta mishan ɗin nan St. Paul's ta koma Kwalejin Kufena. Ke nan kuɗin gwamnati a makarantar da ba ta gwamnati ba abu ne da kakanninmu suka sani. Yau kuma daga Gyallesu zuwa Muciya, daga Samaru zuwa Ƙofar Doka, da wuya ka bi layi biyu ba ka ga makarantar kuɗi ko Islamiyya mai haɗa boko ba. Zaɓi yana nan, ga mai abin biya. Tambayarka ita ce ko gwamnati ta biya wa wanda ba shi da shi.

Wani masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, shi ya fito da shawarar a 1955: a ba uba takardar biya, wato bauca, ya kai makarantar da yake so, makarantar ta karɓi kuɗin daga gwamnati. Tunanin shi ne gasa za ta tilasta wa kowa gyarawa. Birnin Milwoki ya fara a 1990 ga 'ya'yan talakawa, jihar Arizona kuma ta buɗe wa kowa a 2022, kuma har yau jihohin Amurka suna ta ja-in-ja a kai. Sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A jihar Luwiziyana yaran da suka koma makarantun kuɗi da bauca sun ja baya a lissafi. A Arizona mafi yawan waɗanda suka fara nema dama can ba sa makarantar gwamnati, wato an ɗauke wa mai iya biya nauyin da yake ɗauka. Ƙasar da ta yi abin gaba ɗaya ita ce Cile a Kudancin Amurka, tun 1981. Makarantun kuɗi sun yawaita, amma binciken da aka yi kan shekaru ashirin na farko bai nuna karatun ƙasar ya ƙaru a dunƙule ba. Abin da ya bayyana shi ne rarrabuwa: makarantu suka riƙa tsince yara masu ƙoƙari da 'ya'yan masu hali, na gwamnati suka rage da sauran. A 2015 sai da ƙasar ta yi dokar hana makarantun da ke cin tallafi zaɓen ɗalibai, da ƙara wa iyaye kuɗi, da neman riba.

Akwai kuma inda ya yi amfani, ba zan ɓoye maka ba. Kolombiya a shekarun 1990 ta ba yara sama da 125,000 daga unguwannin talakawa bauca ta shiga sakandare a biranen da makarantun gwamnati suka cika, aka kuma ga sun fi takwarorinsu kammalawa. A lardin Fanjab na Pakistan gwamnati tana biyan ƙananan makarantun kuɗi a kan kowane yaro, da sharaɗin kada su karɓi komai daga iyaye kuma yaransu su ci jarrabawar da hukuma ke zuwa ta yi musu, in sun ci gaba da faɗuwa a janye. Ka lura, duk inda ya yi aiki an taƙaita shi ga talaka, an kuma sa ido sosai.

Sa idon nan shi ne abin da muke da rauni a kai. Idan har yau muna fama da sunayen malaman bogi a takardar albashi, ranar da aka ce kowane sunan yaro kuɗi ne, me kake tsammani zai faru da rajista? Za a wayi gari da makarantu a takarda, masu allon suna da lambar asusu, ba yaro ko ɗaya.

Sannan ka fita daga Tudun Wada ka shiga ƙauyukan Soba ko Giwa ko Kudan. Makaranta ɗaya ce a garin, ta gwamnati, wata tana kilomita biyar ko fiye. Ka ba uba takarda ka ce ya zaɓa, tsakanin me da me? Mai makarantar kuɗi ba zai je ya buɗe inda ba riba ba, kuma a can ne yaran da ba sa zuwa makaranta suka fi yawa. Kuɗin kuma ba a tare suke cikin buhu da za a kasa ba. Mafi yawansu albashi ne. In yara ashirin suka bar ajin ɗari da baucarsu, tamanin ɗin da suka rage suna buƙatar malaminsu da rufinsu kamar jiya, sai dai kuɗin ya ragu, kuma iyayen da suka fi iya magana su ne suka tafi. 'Ya'yanka uku da ke can su za su ji a jikinsu.

Ban ga laifinka ba da ka kai biyu makarantar kuɗi, kowane uba abin da zai yi ke nan in ya samu dama. Amma ka dubi abin da kake saya da kyau. Akwai makarantun kuɗi masu nagarta a Zariya, akwai kuma waɗanda gidan haya ne aka tsaga ɗakuna da katako, malamar ta gama sakandare ne kawai, albashinta bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa a 2024 ba, zango biyu ta tafi wata ta zo. Abin da suka fi na gwamnati da shi sau da yawa shi ne malami yana zuwa kullum, domin mai makaranta yana bakin ƙofa, kuma aji bai cika ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma uba da ba shi da ma'auni yakan yi hukunci da yunifom mai kyau, da yaro ya dawo yana rera Turanci, da sakamakon WAEC. Kai ma ka san akwai wuraren da iyaye ke biya musamman don a ba yara amsa a ɗakin jarrabawa. Gasa a kan irin wannan sakamako ba karatu za ta ƙara ba.

Da za a nemi shawarata, zan ce a gwada abin a ƙunƙuntacce. A unguwannin cikin gari inda ƙaramar sakandaren gwamnati ta cika maƙil, a biya wa 'yan mata 'ya'yan marasa hali gurbi a makarantun da Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu ta jiha ta tantance, da sharaɗin ba ƙarin kwabo, ba zaɓen ɗalibai, in masu nema sun yi yawa a yi ƙuri'a. Haka kuma Islamiyyun da al'umma ta riga ta yarda da su, a tura musu malamin karatu da lissafi a biya shi. A can yaran suke, iyaye kuma ba sai an lallashe su ba. Wannan ya fi mini ma'ana a kan gina sababbin makarantun almajirai irin sama da 150 na zamanin Jonathan, waɗanda da yawansu suka zama kufai don ba a tanadi kuɗin tafiyar da su ba.

Saura wa za a tuhuma. A jihar nan ba za a yi wannan magana ba a ambaci 2017 ba. An yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. A 2022 aka sake sallamar 2,357, har da shugaban ƙungiyar na ƙasa, Audu Amba, wanda ya ƙi zama jarrabawar. Ni na ga malaman da ba sa iya rubuta jimla ɗaya daidai a allo, kuma ba zan ce a bar yaran talakawa a hannunsu don tausayi ba. Matsalar gaskiya ce, kuma an yi ƙarfin halin taɓa ta. Inda nake da ja shi ne an tsaya a kan malami. Malamin da bai iya ba, ba shi ya ɗauki kansa aiki ba. Wani ya ba shi takardar shaida, wani ɗan siyasa ya kawo sunansa, wani jami'i ya sa hannu, wani sufeto ya shekara yana wuce ajinsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dubbai daga cikin sababbin da aka ɗauka ma sai da aka sake sallama don ba su cancanta ba, abin da ke nuna maka cewa ƙofar shiga ce ke da matsala. Kuma wasu makarantun ƙauye sun yi watanni ba isassun malamai, yaran da ke aji biyu a lokacin ba wanda ya mayar musu da wannan zangon.

Ka kuma sa ido a kan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Yana iya zama alheri, domin shugaban ƙaramar hukuma ba zai sake cewa kuɗi na Kaduna ba. Amma tsofaffin malamai ba su manta 1991 ba, lokacin da aka rushe hukumar firamare ta ƙasa aka miƙa makarantu ga ƙananan hukumomi, albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba, har sai da aka dawo da hukumar a 1993. A 2025 ma malaman firamaren Abuja, waɗanda ƙananan hukumomin birnin ke biya, sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi. Duk yadda za a yi, albashin malami ya zama abin da ake fara cirewa kafin komai.

Wasu za su ce to a riƙa hukunta makaranta da sakamakon jarrabawa. Amurka ta yi haka da dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a 2002, kuma a birnin Atlanta aka kama malamai da shugabannin makarantu suna goge amsoshin yara suna gyarawa, har wasu suka sha ɗauri a 2015. In ka ɗaura abincin mutum a kan lamba, kuma shi ne mai rubuta lambar, ka san abin da zai biyo baya. Jihar Siyara a arewa maso gabashin Birazil, wadda talaka ce, ta bi wata hanya daga 2007. Ta sa buri ɗaya, kowane yaro ya iya karatu a ƙarshen aji biyu. Masu aunawa daga waje suke zuwa. An ba malamai littattafai da horo, sannan aka ɗaura wani kaso na harajin da jiha ke raba wa ƙananan hukumomi a kan ci gaban karatun yaransu. Wato shugaban ƙaramar hukuma ne ke samu ko ya rasa, ba malamar aji ɗaya kaɗai ba. Cikin 'yan shekaru jihar ta shiga sahun gaba a karatun firamare a ƙasar. Mu a nan binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna kimanin yaro ɗaya cikin huɗu ne, daga shekara 7 zuwa 14, ke iya karanta ɗan gajeren labari ya fahimta, kuma Arewa tana ƙasa da haka.

Wannan ma'aunin, Malam, yana hannunka tun yau, ba sai ka jira Kaduna ba. Ku nemi izinin hedimasta, ku shiga aji uku da mutum biyu daga kwamiti, ɗaya ta kasance mace. Ku ɗauki rajista ku kira kowane suna na goma, kada malami ya zaɓo muku. Ku rubuta layi huɗu na Hausa mai sauƙi a takarda da manyan baƙaƙe, ku zauna da yaro a inuwa, a sake, ba bulala a kusa. Za ka ga wani ya karanta tsaf, wani yana bin kalma da yatsa yana haɗa baƙi da wasali, wani kuma zai kalli takardar ya kalli fuskarka ya yi shiru, shekara uku yana zuwa makaranta. Ku rubuta nawa suka iya labari, nawa kalma, nawa baƙi kawai, nawa ba komai. Ku maimaita a ƙarshen zango. Kada ku yi don kunyata malami; ku nuna masa sakamakon shi da hedimasta kafin kowa, ku tambaye su me suke buƙata. Sau da yawa amsar ita ce a raba yaran gwargwadon inda kowa ya tsaya, a ba su awa ɗaya kullum ta karatu zalla da Hausa, abin da ba ya cin kuɗi sosai.

Ku kuma buɗe littafi ɗaya na kwamiti. A rubuta malamai nawa ke takardar albashin makarantar, nawa ake gani ranar Litinin da ranar Juma'a, yara nawa ke rajista, nawa ke zuwa. Duk abin da ya shigo, benci ko littafi ko siminti, a ƙirga a gaban mutum uku a sa hannu. In an kawo kwangila ku nemi ganin takardar da ta fayyace aikin, domin ba za ku san an rage kauri ko an canza katako ba sai kun san abin da aka biya. Jihar tana da tsarin Eyes and Ears a ƙarƙashin Hukumar Kasafi da Tsare-tsare, wanda aka yi don jama'a su kai rahoton ayyukan gwamnati. Ƙorafinku ya zama a rubuce, da kwanan wata, kwafi ga sakataren ilimi, kwafi ga kansila, kwafi ga mai unguwa, ku riƙe naku.

Babbar buƙatar da nake so kwamitocin Zariya da Sabon Gari su haɗa baki a kai ita ce kuɗin gudanarwa a kan kowane yaro, kowane zango, zuwa asusun makaranta da hedimasta da shugaban kwamiti ke sa wa hannu tare, da ƙari ga makarantun ƙauye da masu yara naƙasassu. Ba sabon abu ba ne a jihar nan. Shirin AGILE na Bankin Duniya, na inganta karatun 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 kuma Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko, ya tura kuɗin gyara kai tsaye zuwa asusun kwamitocin makarantun sakandare, su suka nemo magina suka tsaya a kan aikin. Amma wannan bashi ne mai wa'adi, kuma bai shafi firamarenku ba. Abin nema shi ne majalisar dokokin jiha ta sa shi cikin doka da kasafin kowace shekara, a kuma wajabta liƙa adadin a ƙofar ofishin hedimasta. Lokacin kai wannan buƙata shi ne kafin a miƙa kasafi ga majalisa a ƙarshen shekara, sa'ad da ake zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ku je da littafin nan naku a hannu.